Kibiyar da ke goge layuka: daidaita lambobin maɓallai tsakanin Vim da tmux

Wata abokiyar aikina ce ke kula da saitin wata saba mai nisa. Ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, take shiga, ta buɗe fayil a editan rubutu na Vim, ta gyara, ta fita. Da aikin ya fara ɗaukar lokaci, layin intanet kuma yana yawan katsewa, sai ta koma yin komai a cikin tmux, manhajar da ke riƙe zaman aiki a raye, a kan sabar, don in layi ya yanke ta dawo ta tarar da aikinta yadda ta bar shi. Ba a daɗe da wannan sauyi ba wata manhaja ta ƙi tashi bayan ta taɓa fayil ɗin saitinta. Da ta kwatanta sabon fayil da tsohon ta hanyar `diff`, sai ga layuka huɗu sun ɓace gaba ɗaya, wanda ke samansu kuma an datse masa wutsiya. Ita dai kalma guda ta san ta canza.

«Malam, ni ban goge komai ba,» in ji ta. Gaskiya ta faɗa, domin ba ta ba da umarnin gogewa da saninta ba. Abin da ta tuna kawai shi ne ta riƙe Ctrl ta danna kibiyar dama, don manunin rubutu ya tsallake kalma, abin da hannunta ya saba yi a kowace manhaja. Muka kwafi fayil ɗin muka maimaita: a wajen tmux manuni yana tsallake kalma lafiya lau, a cikin tmux kuwa dannawa ɗaya tak sai layuka su tafi.

Abu na farko a irin wannan matsala shi ne a ajiye editan a gefe, a duba abin da maɓallin yake aikawa. Ta rubuta `cat -v`, umarnin da ke nuna ainihin abin da maɓalli ya aiko, ta danna Ctrl da kibiyar dama, sai allon ya nuna `^[[1;5C`. Ctrl da kibiyar hagu ta ba da `^[[1;5D`. Ta fita daga tmux ta sake gwadawa, aka samu abu iri ɗaya, harafi da harafi. Wannan gwajin na minti guda ya wanke taminal ɗinta, wato tagar da take buga umarni a ciki, ya wanke SSH, ya kuma wanke tmux daga zargin ɓata saƙo a hanya. Saƙo yana isa cikakke. Mai karɓa ne bai gane shi ba.

Dole a ɗan tsaya a kan abin da wannan saƙo yake, don duk sauran labarin a kansa ya rataya. Taminal ba ya gaya wa manhaja cewa an danna maɓalli kaza tare da Ctrl. Bayit-bayit kawai yake turawa a jere, kamar yadda na'urar VT100 ta kamfanin DEC take yi tun 1978 ta wayar siriyal. Harafin da ke cikin ASCII yana da lambarsa, amma kibiya ba ta da, Home da End da F1 ma haka. Saboda haka aka shirya cewa irin waɗannan maɓallai su aika jerin bayit da ke farawa da lamba 27, wadda ita ce Esc, ita ce kuma `cat -v` ke nunawa da `^[`. Kibiyar sama ita kaɗai tana aika Esc `[A`, ko Esc `OA` in manhajar ta sa taminal a yanayin da editoci ke buƙata. Daga baya taminal ɗin xterm ya ƙara hanyar nuna maɓallan taimako: ana farawa da 1, Shift ya ƙara 1, Alt ya ƙara 2, Ctrl ya ƙara 4. To 5 ɗin da ke cikin `1;5C` Ctrl ke nan, 2 Shift ne, 3 Alt, 6 kuma Ctrl da Shift tare.

Matsalar ita ce Esc ɗin nan da ke buɗe kowane jeri shi ne kuma maɓallin da mai aiki da Vim ya fi dannawa. Bayit ɗaya ne, babu wata alama da ke raba wanda yatsa ya danna da wanda kibiya ta turo. In Vim ya san jerin, zai haɗa bayit shida ɗin ya ɗauke su a matsayin maɓalli guda. In bai sani ba, zai bi su ɗaya bayan ɗaya tamkar mutum ne ya buga su.

Ga yadda abin ya kasance a fayil ɗinta. Tana cikin yanayin rubutu, inda haruffan da aka buga ke shiga fayil. Esc ya fitar da ita zuwa yanayin umarni, inda Vim ke ɗaukar haruffa a matsayin umarni. `[1` ba umarni ba ne, Vim ya yi ƙara ya wuce, ƙarar da ba ta ji ba don ta daɗe da kashe ta. `;` yana maimaita neman harafi na baya a kan layi, a nan babu abin da ya yi. Sai `5C`, wanda umarni ne cikakke: goge daga manuni zuwa ƙarshen layi, haɗa da layuka huɗu na ƙasa, sannan a koma yanayin rubutu. Wannan komawar ce ta ɓoye ɓarnar. Ƙasan allon yana nuna `-- INSERT --` kafin ta danna, yana nuna shi bayan ta danna, idonta yana kan kalmar da za ta gyara, ta buga ta, ta adana. Da kibiyar hagu ta danna, `5D` zai goge daidai wannan adadin amma ya bar ta a yanayin umarni, kuma da ta farga nan take. Irin wannan ne ke faruwa a tsohon vi, editan da Vim ya gada, inda kibiyoyi ke zuba A da B da C da D kowanne a sabon layi: Esc ya fita, `O` ya buɗe layi a sama, harafin ƙarshe ya shiga ciki.

Saura a gano dalilin da ya sa Vim ɗaya, a kan saba ɗaya, ya san jerin a waje ya manta shi a ciki. Ta rubuta `echo $TERM` a wurare biyun. A waje `xterm-256color`, a cikin tmux `screen-256color`. Wannan suna shi ne kaɗai abin da manhaja ke dogara da shi don sanin irin taminal ɗin da take magana da shi. Da shi take zuwa rumbun terminfo, magajin termcap ɗin da Bill Joy ya ƙirƙira domin vi a Berkeley a 1978, ta ɗauko jerin kowane maɓalli. `infocmp -1 screen-256color` ya nuna kibiyoyi huɗu a ƙarƙashin `kcuu1`, `kcud1`, `kcuf1` da `kcub1`, ya nuna Home a matsayin `\E[1~`, amma babu ko alamar Ctrl da kibiya.

Za a iya zaton komawa `tmux-256color` zai warware komai, tunda bayaninsa ya fi cika, kuma `infocmp -x` yana nuna `kRIT5` da `kLFT5` a cikinsa, wato Ctrl da dama, Ctrl da hagu. Mun koma ɗin, kuma ya dace a koma, amma bai taɓa wannan matsala ba. Vim yana tambayar rumbun ne da tsofaffin sunayen termcap masu haruffa biyu, irin su `ku` da `kd` da `kh`, Ctrl da kibiya kuwa ba ta da irin wannan suna. Abin da ya sa take aiki a waje shi ne Vim yana ɗauke da nasa teburin na xterm a cikinsa, kuma yana buɗe shi ne idan sunan taminal ya fara da `xterm` ko ɗaya daga cikin 'yan danginsa. `:set termcap` ya tabbatar da haka: a waje jerin lambobin maɓallai dogo ne, akwai `<xRight>` da `<xLeft>` a ciki, a tmux kuwa babu su. Sabar ma ba ta da bayanin `tmux-256color` da farko, sai da ta tura shi daga kwamfutarta da `infocmp -x tmux-256color | ssh saba tic -x -`, wanda ya ajiye shi a `~/.terminfo`.

Gyara na farko da ya zo mata a rai shi ne wanda kowa ke fara kawowa: a sa `export TERM=xterm-256color` a fayil ɗin `.bashrc`, don manhajoji su ɗauka xterm ne, a huta. Yana kuwa aiki, shi ya sa yake da haɗari. Ban yarda da shi ba, kuma har yanzu ban yarda ba. tmux ba xterm ba ne, shi kansa taminal ne mai nasa halaye, kuma takardunsa sun faɗa ƙarara cewa sunan da ke cikinsa ya zama `screen` ko `tmux` ko danginsu. Home da End ɗinsa `\e[1~` da `\e[4~` ne, alhali bayanin xterm yana cewa `\eOH` da `\eOF`. Vim zai iya jurewa saboda teburinsa ya san duka biyun, amma duk wata manhajar da ta amince da rumbun ido rufe an yi mata ƙarya ke nan. An gyara maɓalli ɗaya a edita ɗaya, an bar tarko ga duk sauran, kuma ranar da tarkon zai kama wani babu wanda zai tuna da layin nan na `.bashrc`.

Gyara na biyu ita ta yi shi da kanta kafin mu sake zama, kuma ya fi na farko hankali: ta ɗaura kowane jeri a kan maɓallinsa a `.vimrc`, fayil ɗin saitin Vim:

```
inoremap <Esc>[1;5C <C-Right>
inoremap <Esc>[1;5D <C-Left>
```

Gogewar ta tsaya. Sai dai ta dawo da wani kuka, cewa Esc ya yi nauyi, tana dannawa sai ta jira kafin `-- INSERT --` ya ɓace. Don ta rage jiran sai ta sa `set timeoutlen=50`. Esc ya ɗan sassauta, amma duk gajerun umarnin da ta ɗaura a kan maɓallin jagora (leader, wanda ake fara dannawa kafin harafin umarnin) suka daina aiki, domin babu yatsan da zai buga haruffa biyu cikin milisakan 50. An gudu ba a tsira ba.

A nan ne gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga wannan lamari. Vim yana da agogo biyu na jira, ba ɗaya ba. `timeoutlen` na ɗaurin maɓallai ne, waɗanda mutum ke bugawa da yatsunsa, shi ya sa asalinsa milisakan 1000 ne. `ttimeoutlen` na lambobin taminal ne, waɗanda na'ura ke turowa a dunƙule, kuma ba ya bukatar ya kai ko kusa da haka. Abin da ta rubuta da `inoremap` lambar taminal ce, amma ta shigar da ita a rajistar ɗaurin yatsu, don haka Vim ya auna ta da agogon yatsu. Duk sanda ya ga Esc sai ya tsaya ya ga ko `[` na tafe, har sakan guda. Matuƙar akwai ɗauri ko da ɗaya da ya fara da Esc, babu yadda za a samu Esc mai sauri da maɓallin jagora mai haƙuri a lokaci guda.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara wa jiran tsawo. `:verbose set ttimeoutlen?` ya nuna -1, ma'ana agogo na biyu bai ma tashi ba, Vim yana aron na farko. Tun daga Vim 8.0 na 2016 akwai fayil ɗin `defaults.vim` da ke kunna `ttimeout` ya sa `ttimeoutlen=100`, amma ana karanta shi ne kawai idan mutum ba shi da `.vimrc` nasa. Ita tana da nata, saboda haka ranar da ta ƙirƙire shi ta rasa wannan saiti ba tare da an gaya mata ba. Mutane da yawa suna zaune da Esc mai nauyi shekara da shekaru saboda wannan kaɗai.

Gyaran da ya zauna shi ne a koya wa Vim jerin a matsayinsa na lambar taminal, da `set` maimakon `map`:

```
if !has('gui_running') && &term =~ '^\%(screen\|tmux\)'
  execute "set <xUp>=\e[1;*A"
  execute "set <xDown>=\e[1;*B"
  execute "set <xRight>=\e[1;*C"
  execute "set <xLeft>=\e[1;*D"
endif
set timeout timeoutlen=1000
set ttimeout ttimeoutlen=30
```

Ana bi ta `execute` ne domin `\e` ya zama ainihin bayit 27 a cikin zaren da ke tsakanin alamun zance biyu. Ba haka ba sai an buga Ctrl-v da Esc an dasa ɗanyen bayit a fayil, wanda ke lalacewa da zarar an kwafe shi ta allo. Tauraron da ke bayan `;` yana karɓar kowace lambar maɓallin taimako, don haka layuka huɗun nan sun ɗauke Shift da Alt da Ctrl da haɗe-haɗensu gaba ɗaya, aikin da zai ci ɗauri fiye da ashirin a kowane yanayi. An zaɓi `<xRight>` ne ba `<Right>` ba saboda gurbi ne na biyu na maɓalli ɗaya: `<Right>` yana nan riƙe da `\eOC` ɗin da ya samo daga rumbun, kibiyar kaɗai ba ta lalace ba. Kuma da yake fassarar tana faruwa ne kafin a kai ga ɗauri, tana aiki a yanayin rubutu da na umarni da layin `:` duka. `:help tmux-integration` na sababbin Vim yana ba da kusan wannan tsarin. Abu ɗaya da za a kiyaye: duk wani `set term=` da ya zo a ƙasan waɗannan layuka zai share su, don haka muka cire wani tsoho da ke kwance a ƙarshen fayil ɗinta.

Da a ce iya bukatarta ke nan da an gama. Amma ganin abin ya yi kyau sai ta ce tana so Alt da j ya saukar da layi ƙasa, Alt da k ya hau da shi. Ta rubuta `nnoremap <M-j> :m .+1<CR>==`, ta danna, manuni ya sauka layi ɗaya kawai bai ɗauki komai ba. `cat -v` ya nuna `^[j`, wato taminal yana aika Alt ne a matsayin Esc sannan harafin. Vim kuwa a al'adarsa yana jiran a kunna bit na takwas na harafin: j lamba 106 ce, a ƙara 128 ta zama 234. Sai muka koya masa da `execute "set <M-j>=\ej"`, ya kuwa kama, ta kuma ɗaura shi a yanayin rubutu ma.

Washegari ta aiko da saƙo cewa layuka suna canza wuri da kansu. Wannan ya fi na farko ban tsoro a wurina, domin ba gogewa ba ce da za a gani, musanya ce ta layi biyu a fayil ɗin da jerin layukansa ke da ma'ana. Yana faruwa ne idan ta gama rubutu ta danna Esc, sannan ta danna j don ta sauka, abin da mai Vim ke yi ba adadi a yini. A lissafi bai kamata ya faru ba, tunda `ttimeoutlen` 30 ne kuma yatsunta ba su kai wannan sauri ba. Amsar tana cikin `tmux show -s escape-time`, wanda ya nuna 500. tmux ma yana da nasa agogon, don shi ma dole ya raba Esc na yatsa da Esc na jeri. Yana karɓar Esc ya riƙe shi rabin sakan. In j ya iso cikin wannan lokaci, sai ya yanke cewa Alt da j ne, ya tura wa Vim bayit biyun a manne. Vim bai ga wata tazara ba balle ya auna ta. Wannan rabin sakan ɗin ne ma ya sa Esc ɗinta na farko ya kai sakan ɗaya da rabi: 500 a tmux, 1000 a Vim. Daga tmux 3.5 an mayar da asalin wannan saiti 10, amma sabar tana da wanda ya girme shi.

Shawarar da ake yawan bayarwa ita ce a sa shi 0, kuma a nan na ja da baya. tmux ɗinta a kan sabar yake, layin intanet yana tsakanin taminal da tmux ne, ba tsakanin tmux da Vim ba. Idan jeri ya rabu biyu a hanya, Esc ya riga sauran isowa da 'yan milisakan, tmux ne zai fara cin karo da shi. In ba shi da haƙuri ko kaɗan zai wuce da Esc shi kaɗai, sannan `[1;5C` ya biyo a matsayin haruffa, mu koma gidan jiya da layuka a goge. Saboda haka agogon da ke fuskantar layi shi ne za a bar wa sarari, na Vim kuwa zai iya yin ƙanƙanta don tsakaninsa da tmux babu tafiya. Ta sa `set -s escape-time 40` a `.tmux.conf`, ta bar `ttimeoutlen` a 30. Wanda tmux ɗinsa ke kan kwamfutarsa, Vim kuma a saba, lissafinsa juyawa yake yi.

Lamba 234 ɗin nan ma ta dawo da nata. A cikin Vim `<M-j>` da harafin ê abu ɗaya ne, don lambarsu ɗaya. Da ta ɗaura Alt da j a yanayin rubutu, sai buga ê a bayanan da take rubutawa da Faransanci ya koma saukar da layi. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, lambobinsu sun haura 255, abin bai shafe su ba. Mafita ita ce a ari gurbin maɓallin da babu shi a kibod ɗinta, tunda Vim ya san F1 har zuwa F37:

```
execute "set <F13>=\ej"
execute "set <F14>=\ek"
nnoremap <F13> :m .+1<CR>==
nnoremap <F14> :m .-2<CR>==
```

Jerin yana nan a ƙarƙashin agogon taminal, ɗaurin yana kan sunan da ba ya karo da kowane harafi.

Bukata ɗaya ce wannan hanya ba ta iya biya ba. Ta so ta ɗaura wani umarni a kan Tab ba tare da ta rasa Ctrl da i ba, wanda ke kai manuni gaba a jerin wuraren da aka tsallaka. `cat -v` ba zai nuna bambanci ba domin babu shi: Ctrl yana barin bit biyar na ƙasa ne kawai na harafi, i mai lamba 105 ya koma 9, 9 kuwa ita ce Tab. Haka Ctrl da m yake zama 13, wato Enter, Ctrl da `[` kuma 27, Esc ɗin kansa. Babu `set` ɗin da zai raba abin da ya iso a matsayin bayit ɗaya. Sai an canza abin da taminal ke aikawa, ko ta `modifyOtherKeys` na xterm da Vim ya fara amfani da shi a 8.2, ko ta tsarin maɓallai na taminal ɗin kitty, kuma dole taminal da tmux da Vim su yarda da shi su ukun, tmux ta saitin `extended-keys` da ya zo a 3.2. Manhajojin sabar ba su kai nan ba, ba kuma ita ke da ikon sabunta su ba, don haka ta mayar da umarnin kan maɓallin jagora ta bar Tab yadda yake.

Da yake `.vimrc` ɗaya take yawo da shi, akwai wata kwamfutar da take buɗe shi da Neovim, wani edita da ya samo asali daga Vim. A can layukan `set <xRight>` da `set <F13>` ba su da aiki, domin Neovim ya daina amfani da waɗannan gurabe, da kansa yake fassara jerin, kuma `<M-j>` a wurinsa maɓalli ne daban da ê. Sai ta kewaye duka sashen da `if !has('nvim')`, ta ajiye ɗaurin `<M-j>` da `<M-k>` na kai tsaye a ɓangaren `else`. `escape-time` na tmux kuwa ya shafi duka biyun, don haka shi ta kwafa zuwa can ma.